Relen ɗumama na motar gazuwal: yaya zai mutu alhali fitilar tablo tana kamawa?

Mai405_Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya ga makanikai da direbobin da ke cikin wannan zaure. Motata Peugeot 405 ce mai shan gazuwal, kuma tun da hunturu ya kankama a watan Disamba take wahalar da ni da safe. Idan na murɗa makulli, fitilar nan mai siffar nannaɗaɗɗiyar waya tana kamawa a tablo, ta ɗauke bayan daƙiƙa kaɗan kamar yadda ta saba, har ina jin wani ƙas daga gaban motar, amma sai na ja demarer, wato na'urar da ke juya inji, sau uku ko huɗu kafin inji ya tashi, in ya tashi kuma yana kakkarwa yana fitar da farin hayaki mai yaji a ido. Da rana kuwa murɗa ɗaya take tashi. Wani bakanike ya ce relen ɗumama ne ya mutu, wani ya ce in rabu da rele ya sa mini maɓalli in riƙa dannawa da hannu, yayana kuma ya ce ƙasa mai zafi irin tamu ba ta buƙatar wannan abu tun asali. Ina so in fahimci aikin relen kafin in fitar da kuɗi, kuma yaya za a ce ya mutu alhali fitilarsa tana aiki?

Malamin_Lantarki:
Wa alaikumus salam, Malam. Sai mun fara daga injin kansa kafin a gane relen. Injin gazuwal ba ya da tartsatsi irin na motar esansi. Pistan ne yake matse iska, a injin motarka mai suna XUD9 matsin ya kai wajen ninki 23, iskar ta yi zafi ƙwarai, sai a fesa mata mai ya kama da kansa. Da asuba ƙarfen inji yana da sanyi, yana shanye zafin iskar kafin mai ya iso. Abin ya fi tsanani a tsofaffin injuna irin naka, domin ba kan pistan kai tsaye ake fesa mai ba, cikin wani ɗan ɗaki ake fesa shi a jikin kulas, wato murfin saman inji, kuma iskar tana asarar zafi mai yawa wajen ratsa ƙaramar ƙofar ɗakin. Shi ya sa aka dasa bujin ɗumama a kowane ɗaki, kansa yana yin ja, zafinsa ya wuce digiri 800 cikin daƙiƙa kaɗan.

To a nan rele ya shigo. Kowane buji yana jan amfiya 10 zuwa 15 bayan ya ɗau zafi, a farkon kamawa ma ya fi haka, huɗu ke nan sun kai 50 ko 60. Ka kwatanta da ƙwan fitilar gaba mai wat 55, wanda bai cika amfiya 5 ba. Da za a bi da wannan wuta ta cikin makulli, da ya narke cikin kwanaki. Saboda haka makulli ɗan saƙo kawai yake aikawa ta siririyar waya. Saƙon yana shiga wani naɗin waya a cikin rele, naɗin ya zama maganaɗisu, ya jawo wani ɗan ƙarfe, bakuna biyu na tagulla su haɗu, sai babbar wuta ta taso daga bateri ta kakkaurar waya ta nufi bujoji. A cikin akwatin relen kuma akwai ɗan allon lantarki da ke ƙidaya lokaci gwargwadon sanyin da ya ji, shi ne yake kashe fitilar tablo. Fitilar tana kan wayarta daban. Abin da take faɗa maka shi ne lokacin jira ya cika, ba ta da labarin ko wuta ta isa bujoji. Bakunan tagulla suna iya ƙonewa ƙurmus, fitila tana kamawa tana ɗaukewa a kan ƙa'ida.

Direban_Tanut:
Malam Mai405_Birni, ni dai ina bayan yayanka. Na yi shekaru ina jan babbar Marsandi 911 tsakanin Damagaram da Agadas, na kwana a Tanut da Adarbisanat cikin sanyin da ya fi na garin nan nesa ba kusa ba, ban taɓa jiran wata fitila ba. Idan bateri yana da ƙarfi, inji kuma yana da lafiya, mota za ta tashi. Waɗannan kaya an yi su ne don ƙasashen ƙanƙara.

Malamin_Lantarki:
Baba Direban_Tanut, abin da ka gani gaskiya ne, sai dai injunan ba iri ɗaya ba ne. Injin 911 yana fesa mai kai tsaye kan pistan, babu wancan ɗan ɗaki da na ambata, shi ya sa yake tashi ba tare da buji ba a irin sanyinmu. Injin 405 da na 504 da 505 masu gazuwal, da Hilux mai injin 2L ko 3L, da Land Cruiser mai 1HZ, dukansu masu ɗan ɗaki ne. Safiyar Janairu a nan Damagaram takan sauka wajen digiri 14 ko 15, wani lokaci ƙasa da haka, kuma wannan ya isa ya hana irin waɗannan injuna tashi da sauƙi, balle wanda ya tsufa matsinsa ya ragu. A watan Afrilu da Mayu ne maganar yayan Malam Mai405_Birni take kusa da gaskiya, shi ya sa mutum zai yi wata takwas da matattun bujoji bai sani ba.

Bakanike_Zango:
Malam Mai405_Birni, wannan ƙas da kake ji kada ya ruɗe ka. A jikin pomp ɗin gazuwal akwai wani ƙaramin abu mai buɗe hanyar mai idan an ba da kontak, shi ma ƙas yake yi a daidai lokacin. Mutane da yawa suna zuwa garejina suna rantsuwa cewa rele yana bugawa, in na duba sai in tarar na pomp suke ji. Ka buɗe kapo, ka ɗora hannu a kan akwatin relen, wani ya murɗa maka makulli. Za ka ji bugu na farko a tafin hannunka. Kada ka ɗauke hannun idan fitila ta mutu, domin rele ba ya saki tare da ita, yana ci gaba da ba da wuta na wasu daƙiƙoƙi yana jiran ka ja demarer, in ba ka ja ba sai ya saki, ka ji bugu na biyu. Bayan haka ka samu ƙwan fitila mai volt 12 da waya biyu, ɗaya a jikin inji, ɗaya a kan ƙarfen da ya haɗa kawunan bujoji. In ya kama, rele yana da rai.

Malamin_Lantarki:
Ina da ɗan gyara ga maigida Bakanike_Zango, tare da girmamawa. Ƙwan fitila wuta kaɗan yake ci, don haka bakin tagulla da ya ci wuta ya yi baƙi yana iya haska shi, amma ya kasa ɗaukar amfiya 50. Ya fi kyau a auna da mita, bujoji suna haɗe a wurinsu. A auna a babbar wayar da ke shiga rele, sannan a auna a wadda ke fita, a lokacin da yake aiki. Idan bambancin ya kai volt guda ko fiye, wutar tana ɓata a cikin akwatin, kuma za a ji shi yana zafi.

Bakanike_Zango:
Na karɓi gyaran. Ƙwai na nuna mutuwa, ba ya nuna ciwo. Amma wajen gwada bujojin kansu ban ga abin da ya fi shi sauƙi ba: a cire ƙarfen da ya haɗa su, a maƙala waya ɗaya a kan jan bakin bateri, a taɓa kan kowane buji da ɗayar. Wanda bai haska ƙwai ba ya yanke daga ciki. Mai mita kuma zai ga lafiyayye yana nuna wajen om 1 ko ƙasa kaɗan.

Hajiyar_SabonGari:
Ni ba bakanikiya ba ce, amma na gaji 504 ta gazuwal daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma shi ya koya mini wata dabara da ba ta buƙatar kayan aiki. Kafin gari ya waye sosai, a kunna fitilar rufin mota, sannan a ba da kontak a zuba mata ido. Idan bujoji suna jan wuta, hasken zai ɗan dushe, in rele ya saki kuma sai ya dawo. Ranar da na ga hasken bai motsa ba na san akwai magana, kuma da aka duba waya ce ta ci tsatsa a bakin relen ta saki. Goge ta kawai aka yi aka ɗaure.

Dan_Mirriya:
Amin, Allah ya jiƙan Baba. Hajiya, na gwada dabarar nan yau da asuba a tawa kuma ta yi daidai yadda kika faɗa.

Bakano_a_Damagaram:
Mu a Kano hita muke ce wa wannan buji, kuma maganar gaskiya yawancin tsofaffin motocin haya da na sani da maɓalli suke aiki. Akwatin asali idan ya mutu, wanda za ka samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ko dai tsohon da aka ciro daga wata mota ne, ba ka san kwanakin da suka rage masa ba, ko kuma sabo ne mai arha da ba ya jure zafin kapo. Da maɓalli kai ne mai ƙidaya, ka danna, ka ƙirga goma, ka tayar. Shekarata shida a haka. Sharaɗin kawai shi ne kada a bi da babbar wuta ta cikin maɓallin kansa, a bar shi ya riƙa tayar da wani babban rele, kuma ya kasance irin wanda yake komawa da kansa in an ɗauke yatsa. Na taɓa ganin wanda aka sa wa ƙaramin relen oda mai amfiya 30, bai yi mako ba robarsa ta narke.

MaiHilux_Karakara:
Alhaji Bakano, ka faɗi sharaɗi biyu, ka bar na uku, kuma shi ne ya ci mini kuɗi. Hilux ɗina mai injin 2L ce, irin wadda Toyota ta sa wa tsarin ɗumama na gaggawa. A wannan tsari rele biyu ne. Bujojin ba na volt 12 ba ne, ƙasa suke da haka, 6 ko 7 ake rubutawa a jikinsu. Rele na farko yana danna musu cikakkiyar wutar bateri na ɗan lokaci kaɗan don su yi ja nan take, sai ya saki, na biyu ya karɓa ya ci gaba da ba su wuta ta cikin wani ƙarfe mai rage mata ƙarfi, don su riƙe zafin ba tare da sun ƙone ba. Akwai na'urar ƙidaya da ke duba zafin ruwan inji tana raba musu aikin.

Lokacin da na'urar ta lalace, wani bakanike da ba zan ambata ba ya sa mini maɓalli, bai duba rubutun jikin bujojin ba, ni ma ban san da zancen ba. Na riƙa ƙirga goma, ranar sanyi in ƙirga ashirin. Cikin mako biyu dukansu huɗu suka mutu, ɗaya kuma kansa ya kumbura ya ƙi fitowa daga raminsa, da aka matsa masa sai ya karye a ciki. Sai da aka sauke kulas. Wanda zai koma maɓalli a irin wannan mota, dole ne ya canja bujojin zuwa masu volt 11 ko makamancin haka. Akasin haka ma yana faruwa: mutum ya sayi masu volt 11 ya sa a tsarin gaggawa mai lafiya, ba za su ƙone ba, amma kafin su yi ja relen farko ya riga ya saki, sai ya yi ta zargin rele alhali ba laifinsa ba ne. Masu Land Cruiser kuma su duba ko tasu mai volt 24 ce, don akwai su.

Bakano_a_Damagaram:
Allah ya mayar da alheri. Ban musa ba, amma wannan laifin mai haɗawa ne, ba na maɓalli ba. Motar Malam Peugeot ce, bujojinta masu volt 11 ne.

Malamin_Lantarki:
Haka ne, amma maɓalli yana da aibin da ba ya rabuwa da shi ko an haɗa shi daidai. Mai mota ya san ƙidayarsa, ƙaninsa da ya ara bai sani ba, yaron da aka ba wanki ma bai sani ba. Sannan akwatin asali yana ci gaba da ba bujoji wuta a lokacin da demarer ke juyawa, saboda akwai waya da ke zuwa masa daga can. A tsarin lambobin Jamus da ake bugawa a jikin rele da yawa, 30 ita ce wutar bateri, 15 ta kontak, 50 ta demarer, 31 kuma mas, wato jikin ƙarfen mota. Wasu akwatunan na baya-bayan nan suna ƙara ɗumamawa bayan inji ya tashi, har ta kai minti uku a wasu motocin, don rage kakkarwa da hayaki. Mai maɓalli yakan saki da zarar zai murɗa makulli, a daidai lokacin da aka fi buƙatar zafin.

Tsohon_Marsandi:
Ƴaƴana, ku bari tsoho ya sa baki. Na riƙe Marsandi 240D shekaru masu yawa. Na farkon, irin na kafin 1980, bujojinsu wata lanƙwasasshiyar waya ce a kai, kuma a jere aka haɗa su kamar carbi, wuta ta bi ta na farko ta shiga na biyu har ƙarshe. Ɗaya ya yanke, duka sun mutu, mota ba za ta ko yi tari ba. A waɗanda suka girme su ma babu rele mai ƙidaya, wani mariƙi kake ja ka riƙe, kana kallon wata waya a bayan ɗan murfi mai huji-huji a tablo har ta yi ja, kuma jiran yakan kai rabin minti ko fiye. Daga baya aka koma bujoji masu siffar fensir, kowanne da wayarsa daga rele, ɗaya ya mutu sauran suna aiki.

Abin da nake so in ƙara a kan maganar Malamin_Lantarki shi ne, ba kowace fitila ce jahila ba. Relen Marsandi na wancan zamani yana kwatanta wutar da bujoji ke ja, in ya ga ta karkace sai fitilar ta ƙi kamawa gaba ɗaya, ka san akwai wanda ya mutu. Kuma a ƙarƙashin murfinsa akwai fizibil na falle, wato ɗan ƙarfen da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa, mai amfiya 80, wanda yakan tsage siririyar tsaga da ido ba ya gani sai an kwance shi. Na sha ganin an jefar da rele mai lafiya saboda wannan ɗan ƙarfe. Na kuma ga wanda ya maye gurbinsa da guntuwar wayar tagulla, ranar da waya ta taɓa jikin inji sai da aka kashe wuta da yashi.

Malamin_Lantarki:
Na gode Baba, na karɓi wannan. Maganata a kan Peugeot ce, da na ware Marsandi tun farko.

Yaron_Gareji:
Iyayena, ina neman izini in yi tambaya. A tashar da nake aiki, idan mota ta ƙi tashi da safe, wasu suna jiƙa tsumma da esansi su kara a bakin iskar inji, wasu suna fesa maganin tayarwa na gwangwani, wasu kuma ruwan zafi suke kwarara wa pomp da kulas. Wanne ne ba ya cutarwa?

Bakanike_Zango:
Yaro, ruwan zafi ne mai sauƙin illa, muddin ba a jiƙa wayoyi ba. Esansi da na gwangwani kuwa ka nisance su a injin da ke da buji. Suna kamawa da wuri tun pistan bai kai sama ba, in suka tarar da buji ya yi ja ma sai su tashi a hanyar iska. Wannan ƙarar da kake ji kamar ana dukan ƙarfe da guduma, zoben pistan ne yake shan ta. Motar da ake cewa ta saba da magani ba sabo ta yi ba, matsinta ne aka kashe.

Direban_Tanut:
A nan kam na yarda da kai. Turi ya fi mini wannan, in akwai gangara da majiya ƙarfi.

Dan_Mirriya:
Akwai wata mutuwar rele da ba a ambata ba, wato ya manne a rufe. Ya faru da ni a hanyar Gure. Bakunan tagulla suka narke suka haɗe, bujoji suna ta shan wuta ina tafiya ban sani ba, na tsaya salla na kashe mota, kafin in dawo bateri ya kwanta. Da na taɓa akwatin kamar an ciro shi daga murhu. Babbar wayarsa na kwance na naɗe da roba, aka tura ni na ƙarasa. Tun daga ranar nake sauraron bugu na biyu da Bakanike_Zango ya ambata.

Mai405_Birni:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya na kai motar aka yi awon a gabana. Da farko na gwada dabarar Hajiya, hasken ya ɗan motsa kaɗan, ba sosai ba. Da mita, wutar da ke shiga rele ta haura volt 12, wadda ke fita kuwa ba ta cika 9 ba. Muka buɗe akwatin muka tarar bakunan sun yi baƙi sun rarake. Bujoji biyu kuma ba su haska ƙwai ba, na silinda ta biyu da ta uku, kan ɗaya ma ya zaizaye kamar an gwaguye shi. Na sayi akwati tsoho na asali, na canja bujoji duka huɗu, ban sa maɓalli ba tukuna, Alhaji Bakano ya yi mini afuwa. Yau da asuba ta tashi a murɗa na farko. Sai dai farin hayakin bai ɗauke duka ba, yana yin kamar minti ɗaya kafin ya washe.

Bakano_a_Damagaram:
Babu komai, Malam. In tsohon akwatin ya kai hunturun baɗi ka zo ka ba mu labari.

Bakanike_Zango:
Wannan buji da kansa ya zaizaye shi ya fi damuna. Rele mai raunin wuta ba ya cin kan buji, ƙarancin wuta ai sanyi yake bar shi. Abin da ke yin haka yawanci injekter ne, wato bakin da ke fesa mai, da ya daina feshi ya koma ɗiga ko tsartuwa, yana zuba mai a kan buji kai tsaye, ko kuma lokacin pomp ya yi gaba. Ka kai injekter huɗun a gwada su a kan na'ura kafin sabon bujin ya bi sahun tsohon.

Direban_Tanut:
Ko kuma matsin injin ne ya tafi, kamar yadda na faɗa tun farko. Motar da ta yi shekara talatin tana shaƙar ƙurar hunturu, a auna matsinta kafin a taɓa injekter.

Malamin_Lantarki:
Duka biyun suna yiwuwa, kuma akwai na uku: wataƙila motar tana cikin masu ƙara ɗumamawa bayan tashi, akwatin da aka sayo kuma ba irinsa ba ne. Malam Mai405_Birni, ƙafafu nawa ne a ƙaramin soket ɗin tsohon akwatin, nawa ne kuma a na wanda ka saya? Ka duba lambar da ke jikin kowanne ka rubuto mana.

Mai405_Birni:
Tsohon yana gareji, na bar shi can. Gobe Alhamis zan shiga kasuwar Dole, in na fito zan biya in ɗauko shi in duba.